Muciyar Alhaja

Muciya ce ta rushe mini aure. Ba talauci ba, ba wani saurayi mai mota ba. Muciya, irin wadda ake tuƙa tuwo.

Masu turo mini saƙo kuna tambaya ko an sa rana, ku yi haƙuri da shirun da na yi. Ba a sa ba. Ku zauna ku ji dalili. Kuma don Allah kada wanda ya ƙara rubuto mini "Allah Ya sa haka ne mafi alheri" sai ya karanta har ƙarshe, don raina a ɓace yake, ba na son in yi wa wani rashin kunya.

Wanda yau ya fara shigowa, sunana Goni. Ban haddace komai ba, sunan kakana ne aka liƙa mini. Kayan gyaran janareto nake sayarwa a Sabon Gari, gidana yana Kwaciri. Furfura ta fara cin gemuna, matata ta rasu da daɗewa, yarana suna hannun yayata. Wadda nake nema sunanta Hikmat. Bayarabiya ce haifaffiyar Fagge, Hausar bakinta ta fi tawa daɗi. Marainiya ce. Yayar babanta, Alhaja Rukayat, wadda take kira Mami, ita ta riƙe ta tun tana rarrafe, ta sa ta a makaranta har ta yi karatun kiwon lafiya. Aiki bai samu ba, sai take zaman shagon Alhaja a kasuwa, a layin masu man shafawa. Kuma ba man shafawa na Allah da Annabi ba. Haɗi ne. Irin wanda mace za ta fara shafawa tana baƙa, kafin biki ta koma kamar an fere doya.

To Hikmat tana da shafi a intanet, abin da yara suke kira bulog. A nan take rubutu da Hausa a kan fata. Me bilicin yake yi wa jiki, me ya sa jijiyoyi suke fitowa kore a cinya, me ya sa ƙaramin ciwo yake ƙin warkewa. Babu sunanta a shafin, babu hotonta, babu lambar waya. A ƙasan kowane rubutu akwai layi ɗaya da ba ya canzawa: "Ki kwafa, ki tura wa wadda kike so. Ba sai kin faɗi inda kika samo ba."

Wannan layin shi ya fara ba ni haushi, tun kafin muciya. Ni ɗan kasuwa ne. Ko fulogi na sayar sai na buga hatimin shagona a jikin kwalin, don gobe a san wajen wa aka saya. Ta yaya mutum zai zauna ya ƙona idonsa a waya, ya gama, ya watsa abin a titi kamar ba shi da mai shi?

Wata la'asar na je zance. Muna zaune a soron gidan Alhaja, ita a kan farar kujerar roba, ni a kan benci. Ta sa doguwar riga ruwan ƙasa da mayafi baƙi, babu hoda babu janbaki, fatar nan baƙa sumul kamar an goge ta da man gyaɗa. Na zaro waya na miƙa mata.

"Kin ga ɓarawon nan?"

Wani mutum ne a Fesbuk, ya sa kwat ya harɗe hannuwa a ƙirji, yana kiran kansa Dakta. Ya kwashe rubutunta kaf ya manna, ya ɗora hotonsa a sama. Mata sai ruwan addu'a suke yi masa a ƙasa, Allah Ya saka wa Dakta, Allah Ya ƙara wa Dakta basira.

Ta karɓa ta duba a hankali. Ina jira ta tashi tsaye. Sai na ga tana murmushi.

"Ya cire wani abu?"

"Ya cire ki mana!"

"A'a, a cikin rubutun. Wajen da na ce wadda ta daɗe tana shafawa ta je asibiti a nuna mata yadda za ta daina, yana nan?"

"Yana nan."

"To alhamdulillahi. Malam Goni, dubi yawan waɗanda suka tura. Ni shafina wa ya san shi? Shi yana da jama'a."

"Hikmat, guminki ne fa. Wannan ƙaton ko allura bai taɓa riƙewa ba, na rantse."

"In na sa sunana, ka san me za a fara tambaya? 'Yar gidan wace ce. Baƙa ce ko fara. Ta yi aure ko ba ta yi ba. A ƙarshe a ce baƙin ciki take yi don ita ba ta yi fari ba. Amma in babu suna, babu wadda za a zaga, dole a karanta maganar."

Ni bakina ba ya riƙe abu. Na ce, "Ki gama rubutawa, gari ya waye ki zauna a shago kina miƙa wa mata kwalbar da hannunki."

Ta juya wayar ta kifa a cinyarta. Can ta ce, "Shi ya sa nake rubutawa."

Amma ban yarda ba, kuma har yau da nake rubuta muku ban gama yarda ba.

Ana nan, magabatana suka kai gaisuwa gidan Alhaja, goro da alewa da abin da ya sawwaƙa. Aka karɓa da fara'a. Ƙanen baban Hikmat shi ne waliyyi a baki, amma kowa a gidan ya san in Alhaja ba ta gyaɗa kai ba shi ma wuyansa ba ya motsi. Ta gyaɗa. Aka ce a dawo wata Asabar a sa rana. Ni har na kira mai fenti ya duba mini ɗaki.

A cikin wannan tsakanin Hikmat ta saki sabon rubutu. Ni a guruf ɗin 'yan layinmu na fara ganinsa, wani ya turo. Ga abin da ta ce a tsakiya:

"Kin san inda ake haɗa man da kike shafa wa fuskarki? A bayan shago, a cikin bokitin fenti. A matse mayuka kala-kala a ciki, a tsiyaya ruwan wata kwalba da babu rubutu a jikinta, a sa muciya a yi ta tuƙawa har ya haɗe. Kafin ki saya, ki ce mai tuƙawar ta nuna miki hannunta."

Na karanta na ce madalla, ta iya magana. Ban ga komai ba. Ita ma ba ta ga komai ba. Tun da ta buɗe ido a duniya haka ta ga ana yi, ta ɗauka duk mai haɗi haka take yi. Zaman gaban shago take yi, ba ta taɓa leƙa bayan shagon wata ba. Ashe duk layin injin kwaɓa kek suke sawa, su danna ya juya musu. Alhaja ce kaɗai ta ce inji yana zafafa mai ya kashe masa ƙarfi, ita sai hannu, sai muciyar amala da take sayowa daga garinsu. 'Yan layin sun daɗe suna tsokanarta a kai. Yarinya ta ɓoye sunanta, ta ɓoye sunan shago, ta ɓoye sunan kasuwa, ta bar muciya a fili.

Ranar Lahadi aka yi taron asalatu, wanda matan Yarbawa suke yi su sa fararen kaya su yi salati da addu'a. Hikmat ta je, ita ke riƙe wa Alhaja jaka, ita ta ba ni labari. Ana gama addu'a ana raba abinci, wata Alhajar da shagonta yake kallon nasu ta ɗaga waya sama, ta kira Alhaja da sunan babban ɗanta.

"Iya Sodiq, kin ga abin da ake yawo da shi kuwa? Ni wallahi tausayinki ya kama ni. Ina karantawa na zo kan muciya sai na ce innalillahi, ai wannan ko makaho ya san ƙofar."

Ta karanta shi da ƙarfi, daga farko har ƙarshe, tana tsayawa tana girgiza kai. Mata suna cin shinkafa suna satar kallon Alhaja. Hikmat ta ce ji ta yi kamar ƙasa ta tsage.

Kafin tsakiyar mako magana ta gama kasuwa. Amaren da suka ba da odar haɗin biki suka fara kira suna cewa a dakata. Wata uwa ta zo da 'yarta ta tsayar da ita a ƙofar shago tana nuna wa mutane wuyanta. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, duk inda ka zauna tambaya ɗaya ce. Wa ya rubuta? A wajen mai shayi, wa ya rubuta? A masallaci bayan azahar, wa ya rubuta? Ban ji mutum ɗaya ya ce, to shin gaskiya ne? Matar da ta ce in babu suna dole a karanta maganar, ga shi an ajiye maganar gefe an bazama neman suna.

Alhaja ta zauna ta lissafa waɗanda suke shiga bayan shagonta. Ita kanta. Hikmat, wadda ko a mafarki ba ta kawo ta ba. Sai Ogechi.

Ogechi ita ce mai tuƙawa. Inyamura ce, amma a Sabon Gari aka haife ta, in tana zagi da Hausa sai ka rantse 'yar Kurna ce. Mijinta ya rasu ya bar mata yara, da wannan tuƙin take ciyar da su. Hannuwanta sun yi dabbare-dabbare, wani wajen fari tas wani wajen baƙi ƙirin. Kwanakin baya ta yi rigima da Alhaja a kan a saya mata safar hannu mai kauri, har 'yan layi suka ji. To ga rubutu ya ce a duba hannun mai tuƙawa. Alhaja ba ta nemi wata shaida ba. A gaban jama'a ta jefo mata jakarta waje.

Shagona ta zo, don ta san ina neman 'yar gidan. Ta tsaya a bakin kanta, ɗankwalinta a hannu.

"Oga Goni, ka yi mata magana. Ni Hausa a baki na iya ta, wallahi ko sunan unguwarmu ban iya rubutawa da ita ba. Wayata ma ga ta, ko hoto ba ta ɗauka. Na bi layin nan kaf, kowa ta ce ba ta ɗaukar mai tona asirin uwar ɗakinta."

Na ba ta ruwa. Na ce ta je gida zan duba. Tana fita wayata ta yi ƙara.

Hikmat: An kori Ogechi.

Ni: Na sani. Yanzu ta bar nan.

Hikmat: Zan faɗa wa Mami ni ce.

Ni: Kada ki kuskura. Asabar za a sa rana.

Hikmat: Ogechi fa?

Ni: Zan nema mata wani wajen.

Hikmat: Wa zai ɗauke ta da wannan sunan?

Ni: Ke kika ce suna ba komai ba ne.

Hikmat: Cewa na yi ba na son yabo. Ban ce wata ta sha duka a madadina ba.

Ni: Ki bari a sa rana tukuna. In an ɗaura ki faɗa mata daga ɗakinki.

Ta karanta. Na ga alamar ta karanta. Ba ta amsa ba. Na kira, ta ƙi ɗauka. Na sake kira, ta ƙi.

Na san halinta. In ta yi irin wannan shirun ta riga ta gama shawara, lokaci kawai take jira. Sai na zauna na yi nawa lissafin. Na tuna ni ma na taɓa shiga bayan shagon nan, ranar da wayar janaretonsu ta ƙone na je na gyara. Na ga bokitin, na ga muciyar a jingine. To me zai hana in ce ni ne? Ogechi ta koma aikinta. Hikmat ta tsira. Ni Alhaja ta zage ni son ranta, in durƙusa, in turo manya su ba da haƙuri. Namiji ne ni, baƙo ne ni, laifin baƙo bai kai na ɗan gida ciwo ba. A raina na ce wannan dabara ko lauya sai haka. Ban gaya wa Hikmat ba, don na san za ta hana.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na wuce Fagge. Na sa shaddata ruwan toka mai aiki a wuya, na kafa hula zanna, na fesa turare har mai adaidaita ya yi atishawa. Sodiq, babban ɗan Alhaja, shi ya yi mini iso.

Falon Alhaja in ka shiga sai ka rage murya. Manyan kujeru masu ruwan zinare, har yanzu ledarsu ba a cire ba. Hoton Ka'aba a bango, kusa da shi nata hoton a Makka tana murmushi da haƙorin zinare. Kabad ɗin gilashi cike da kuloli da ba a taɓa zuba abinci a cikinsu ba. Fanka tana juyawa, ƙamshin miyar ewedu yana fitowa daga kicin. Tana zaune a doguwar kujera, ta sa leshi fari buba da zani, ɗaurin kanta a kwance a gefe. Fuskarta fara sol, gaɓoɓin yatsunta baƙaƙe. Ga zafi ana yi kamar a gasa mutum, amma ƙafafunta cikin safa.

Na cire takalmi na durƙusa.

"Goni, lafiya? Ai gobe ne, ko ka ƙagu?"

"Alhaja, laifi na zo amsawa. Rubutun nan da ake yawo da shi, ba Ogechi ba ce. Ni ne."

Ta kalle ni. Ta kalli Sodiq. Sai ta fashe da dariya, irin dariyar da har sai da ta dafe ciki.

"Kai? Kai Goni? Sodiq, ka ji surukina marubuci! Kai da in ka turo mini gaisuwar Juma'a layi ɗaya ne, shi ma sai ka haɗa da hoton fulawa don ya cika?"

"Na shiga bayan shagon, Alhaja. Ranar gyaran waya. Na ga komai."

"Ka ga komai. To me ya dame ka da fatar mata? Kana sayar da fulogi, wace ce ta shafa fulogi?"

"Haka kawai raina ya ɓaci."

"Haka kawai."

Dariyar ta tsaya. Ban ga lokacin da ta tsaya ba, kawai na ɗago na ga babu ita. Alhaja ta gyara zama ta zuba mini ido, ta daɗe. Ta kalli shaddar, ta kalli hular, ta kalli gwiwoyina a ƙasa.

"Ogechi ba 'yarka ba ce," ta ce a hankali. "Ba ƙanwarka ba ce. Ba za ka sa sabuwar shadda ka zo ka zubar da girmanka a kan kafet ɗina saboda Ogechi ba. Mutum ɗaya ce a duniyar nan za ka yi wa wannan ƙaryar."

Ta juya wajen kicin ta ɗaga murya.

"Hikmat!"

Ta fito daga kicin da tire a hannu, ruwan da za ta kawo mini. Atamfa ce a jikinta shuɗiya, ta ɗaura ɗankwali baya, hannunta da danshi. Ta ji komai, a fuskarta na gani. Ba ta kalle ni ba. Ta ajiye tiren a kan tebur, ta durƙusa gwiwa biyu a gaban Alhaja.

"Ni ce, Mami. Da ma yau nake jira ki kaɗaita in faɗa miki."

Alhaja ta fara da Yarbanci. Ban ji ko kalma ba amma na ji nauyinsa, don Sodiq da yake ƙato sai da ya sunkuyar da kai. Can ta juyo Hausa, don ni ma in samu rabona.

"Bokitin nan shi ya saya miki madara ranar da uwarki ta mutu. Shi ya ɗinka miki kayan makaranta. Muciyar nan da kika yi wa tallan duniya, da ita na tuƙa har kafaɗata ta goce kafin in samu mai taya ni. Karatun da kika yi kika san sunan ciwo, wa ya biya? Kika rasa wadda za ki gwada iliminki a kanta sai ni?"

"Mami, ban sa sunanki ba. Wallahi ban san ke kaɗai ke yi da muciya ba. Da na sani da na cire."

"Da kin cire! Sai ki ci gaba da yanka ni a ɓoye ke nan."

"Ba ke nake yanka ba. Mami, tun da abin nan ya fita kowa tambayarsa wa ya rubuta. Ni tambaya ɗaya nake so a amsa mini. Abin da ke ciki, gaskiya ne ko ƙarya?"

"Rufe mini baki."

"Ki cire safar, Mami."

Alhaja ta zaro mata ido. Hikmat ta ci gaba.

"Ƙaramin ƙarfe ne ya karce ki a idon sawu tun kafin azumi. Har yau bai rufe ba. Ni nake wanke shi kullum da safe, ni na san yadda fatar take yagewa in na taɓa. Kin hana a gaya wa Sodiq. Na yi miki magana a ɗaki kin ce in bar ki. Na rasa wanda zai ji ni a gidan nan, shi ya sa na rubuta wa waɗanda ban sani ba."

Sodiq ya ɗago ya kalli ƙafar uwarsa. Alhaja ta janye ta ƙarƙashin zani. Ta kawar da kai gefe. Na ce a raina shi ke nan, yanzu za ta yi kuka su rungume juna, gobe a sa rana. Ban san Alhaja ba.

"Na ji," ta ce. "Ogechi ta dawo aiki gobe, na zalunce ta. Ke kuma ga abin da za ki yi. Tunda kin iya rubutu, ki koma shafin naki. Ki sa sunanki cikakke, da na ubanki, da hotonki. Ki ce ƙarya kika yi, haushin gida ne ya sa ki. In na gani a wayata kafin gobe, baƙi su zo, in aurar da ke da hannuna, in yi miki kayan ɗakin da Fagge ba ta taɓa gani ba. In ba haka ba, ba ni da 'ya, kuma babu wanda zai karɓi goron kowa a gidan nan."

Jama'a, ga inda za ku zage ni, ku zaga. Ni da na ji haka sai na ga ƙofa a buɗe. Na matsa kusa da ita na rage murya.

"Hikmat, rubuta mana. Layi biyu ne. Wancan ya riga ya zaga duniya, babu mai iya dawo da shi. Waɗanda za su daina sun daina. Ki rubuta a wuce wajen."

Sai a lokacin ta kalle ni. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Malam Goni, kai ne kullum kake cewa in sa sunana. Yau ga shi an ce in sa. Karon farko da za a ga sunana, a ƙarƙashin ƙarya za a gan shi? Yarinyar da ta ajiye kwalba jiya saboda ta karanta, gobe ta ga mai rubutun ta ce wasa take yi. Me za ta yi?"

"Ni ina ruwana da wata yarinya? Ke nake so!"

"Na sani," ta ce. Ta juya wajen Alhaja. "Mami, ki yafe mini ciwon da na ji miki. Amma ba zan rubuta ba."

Alhaja ta ɗauki ɗaurin kanta ta miƙe. Tana ɗingishi kaɗan, sai a ranar na lura. Ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

A soro na tsaya jiran Hikmat. Da ta fito na tare ta. Na ce ta kwantar da hankalinta, akwai alƙali, akwai malamai, mace baliga ba a hana ta aure don rubutu. Na ce ko gobe in ta yarda zan nemo hanya.

"Ba zan yi aure a bayan idon Mami ba," ta ce. "Ita ce uwata ko ta kore ni."

"To me ya sa ba ki bari na ɗauka ba? Da ta yarda da yanzu an gama."

"Mutumin Fesbuk ya ɗauki rubutuna ya sa sunansa, ban ji komai ba, don maganar ta isa inda nake so. Kai ka ɗauka ne don a binne ta. Kuma ko tambayata ba ka yi ba."

"Don in cece ki na yi!"

"Na sani, Malam Goni. Ka gaida gida."

Ta shige. Na tsaya a soron nan da shaddata da turarena kamar wanda ya zo biki ya tarar an watse.

Asabar da hantsi ina shago, ban ma kira magabatana ba don kunya, sai ga adaidaita ta tsaya a ƙofa. Sodiq ya fito. Ya sauke huhun goro, ya sauke katan ɗin alewa, ya jera mini su a bakin kanta a gaban maƙwabta. Bai iya haɗa ido da ni ba.

"Malam Goni, ka yi haƙuri. Aike ne."

"Ina take?"

"Ta bi motar safe. Ilori, wajen dangin mahaifiyarta. Jaka ɗaya ta ɗauka. Mami ba ta fito ba."

Ya hau suka tafi. Ina tsaye a kan goron nan wayata ta yi ƙara. Na ga sunanta, na yi maza na buɗe.

"Mami ba ta yarda kowa ya ga ƙafarta. Ka roƙi Ogechi ta lallaɓa ta, ta riƙa wanke mata kullum da safe, auduga da maganin suna cikin kabad na ƙasa. In ciwon ya fara wari a kai ta asibiti ko tana zagi. Kada Ogechi ta ce ni na aiko."

Na karanta, na ja ƙasa ko akwai saura. Babu. Ko kalma ɗaya tawa babu a ciki.

Na kira lambar. A kashe take.